Abin da Na Gani a Jikin Barira

Ranar da na wanke Barira a garin Sabha, mu biyar ne a ɗakin in an ƙidaya da ita. Akwai ni, Marka, wadda mutanen Wurma ke kira Gwaggo Marka mai wanka. Akwai Indo ta Tamawa, ita ke zuba mini ruwa. Akwai Zulai 'yar Damagaram, mai ɗakin, wadda ta daɗe a ƙasar Libiya tana sayar wa leburori abinci. Akwai Hajja Mabruka, tsohuwar Balarabiyar da nake wa aikatau, zaune kan kujera da sandarta. Sai Barira ɗiyar Hansai, kwance kan ƙyauren ɗakin da muka ciro muka ɗora bisa bulo huɗu. Na shida bai shigo ba don namiji ne. Sunansa Sale, ƙanen Hajiya Gambo. Yana tsaye bayan labule yana gyaran murya, don kada mu manta yana nan.

Ban yi boko ba, ko sunana ba na ganewa a takarda. Matar ɗan ƙanena ke rubuta wannan, na kuwa ce mata kada ta ƙara gishiri, kada ta rage.

Sana'ata wankan gawar mata. Wurin kakata na gada, tare da ƙwaryar da take zuba ruwa da moɗar da take ɗiba. Ranar da ta fara shiga da ni ɗakin gawa ta kama kunnena ta murɗe, ta ce abin da ido ya gani a nan, a nan yake mutuwa. Na riƙe wannan fiye da shekara talatin. Na wanke matan attajirai, na wanke mabarata, na ga abin da in na faɗa gidaje za su watse. Har mijina ya koma ga Allah bai taɓa jin kalma ɗaya daga bakina ba. Duk ƙasar Kurfi an san ni da wannan, kuma duk wanda ya gan ni da ƙwaryata a ƙofar wani gida ba ya tambayar ko lafiya, sai dai ya tambayi wa ya rasu.

'Yan bindiga ne suka tashe mu daga ƙauye. Mijin Barira a gona suka same shi yana cirar wake. Muka tattaro abin da kai zai iya ɗauka muka sauka Dutsin-Ma, cikin wani kango marar ƙofa, gida bakwai a ɗaki huɗu. Can Hajiya Gambo ta same mu. Ita ce shugabar matan jam'iyya a unguwar. Ta zo da atamfa da mai ɗaukar hoto, tana kiranmu iyayenta. Na lura da abu ɗaya tun ranar: ba ta miƙa komai sai mai hoto ya ce ya shirya. Ta ce ta samo mana aiki a Libiya, shara da wanke-wanke a gidajen mutunci, ƙasar Musulmi 'yan'uwa. Na ce a raina, ikon Allah, an kasa tsare mana gonar da ke bayan gida, amma an iya samo motar da za ta kai mu bayan hamada.

Iyaye suka ƙi sakin 'ya'yansu. Sai ta biyo ni har inda nake tsince shinkafa.

"Gwaggo, in ke kika ce za ki, kowa zai saki ɗiyarsa. Ke ba a taɓa jin ƙarya a bakinki ba."

"Ba a taɓa jin komi a bakina ba," na ce mata.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ai shi ya sa nake son ki."

Ban gane maganar ba a lokacin. Na amsa, don na gaji da ganin mata suna bara a bakin tasha. Da aka ji Marka za ta, mata goma sha ɗaya suka fito. Hansai, wadda muka yi 'yan matanci tare, ta kamo hannun Barira ta sa cikin nawa ta ce, "Ga amanata."

A Maraɗi Sale ya karɓe mu. Kafin mu sha ruwa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya tattara katin zaɓe da katin ɗan ƙasa da wayar duk mai waya, wai kada su ɓace a hanya. Na tambaye shi yaya kati zai ɓace a cikin lalitar da ke ɗaure a ƙuguna. Ya ce umarnin Hajiya ne. Na ba shi, amma na dubi aljihun da ya sa.

A Agadas muka kwana tara a wani gida mai dogon bango, ba a fita. Can matan suka gano abin da ke cikin ƙullina. Indo ce ta buɗe tana neman allura, ta ga ƙwarya da moɗa da busasshen ganyen magarya, ta saki salati.

"Gwaggo! Mu muna tafiya neman arziki, ke kina tafe da kayan wanka? Wa kika shirya wa?"

"Mutuwa tana da iyakar ƙasa ne?" na ce. "Rufe mini kaya."

Barira ta kwashe da dariya. Ita ce mai bakin cikinmu, ko a kango ita ke sa mu dariya. "To ni dai Gwaggo, in ni ce, dan Allah ki ɗumama ruwa. Kin san ba na shiri da sanyi. In kika zuba mini na randa, wallahi tashi zan yi."

Na ce mata ta tofar da yawu. Ta tofar, tana ta dariya.

Hamada ba zan iya kwatanta ta ga wanda bai gani ba. An loda mu bayan buɗaɗɗiyar mota, ƙafafu a waje, kowa da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa yana riƙewa, don direba ba ya tsayawa saboda wanda ya faɗi. Rana ta dafa mana fuska har leɓe ya tsage. Kusa da Dirku motar ta faɗa rami, jarka ta danne ƙullina, ƙwaryar kakata ta tsage tun daga baki har kusan gindi. Ban yi kuka don ƙauyenmu ba, amma ranar na yi. Direban, wani Batube ne, ɗan ƙabilar hamadar, da ba ya magana da kowa, ya zo ya tsuguna ya duba. Ya ciro zare daga bakin buhu, ya ƙona ƙusa a wutar shayi, ya huda ya ɗinke mini ita tsaf, ya liƙe da ƙaro. Ya cika ta da dabino ya miƙo mini, ya koma motarsa. Ko sunansa ban sani ba. Allah ya saka masa.

A Sabha aka jera mu a tsakar wani gida, masu gidaje suka zo zaɓe. Ana duba tafin hannu, ana cewa juya. Na ga irin wannan a kara ranar kasuwar dabbobi, ban taɓa zaton zan tsaya a wurin akuya ba. Barira ce aka fara ɗauka, don tana da jiki. Ni na rage har yamma, sai wani ya ɗauke ni in kula da tsohuwar uwarsa, Hajja Mabruka.

Ba zan ce ta cuce ni ba. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma salla ɗaya muke yi. Ina mata wanka, ina tsefe mata kai, tana ba ni rabin burodinta. Abin da ya dame ni kewar gida ce. Wata rana na ji ƙamshin daddawa daga wani lungu, na tsaya kamar an dasa ni. Ƙamshin nan ne ya kai ni ɗakin Zulai, inda matanmu ke haɗuwa ran Juma'a, waɗanda ake bari su fita.

Zulai tana da rediyo, tana da baki. Ita ta ce mini wai akwai wani abu da ake kira 'yancin ɗan Adam, wai kowa da nasa, ko bawa ko baƙo. Na ce to ina ake karɓarsa a garin nan?

"Gwaggo, da takarda ake karɓa. Ina taki?"

"Tana aljihun Sale."

"To 'yancinki ma yana can."

Sau ɗaya na ga Barira da rai bayan an raba mu, a wata na huɗu. Ta shigo ɗakin Zulai ta zauna a bakin ƙofa. Aka kawo tuwo, na ga tana ci da hagu. Ɗiyar Hansai ba ta ci da hagu. Na ce miƙo hannun nan, ta ɓoye shi cikin mayafi.

"Gwaggo, gidan nan ba na mutane ba ne. Ki ce wa Sale ya canza mini."

Na same shi a ranar. Ya ce an riga an yi magana da masu gidan, ba a warwarewa, ta yi haƙuri. Na dawo na dube ta, ni Marka, da bakina, na ce mata, "Ki ƙara haƙuri, ɗiyata." Kalmar da aka shayar da mu da ita tun muna goye, ita na ba ta. Ta ce to. Ba ta yi dariya ba ranar ko sau ɗaya. Ki rubuta wannan da kyau, don ina cikin waɗanda suka kashe ta.

Bayan sati shida Sale ya zo gidan Hajja da hantsi ya ce in ɗauko kayana, Barira ta rasu, zazzaɓi ne. Da Hajja ta ga ƙwaryar ta gane. Ta buɗe akwatinta ta ciro farin yadi, likkafanin da ta ajiye wa kanta, ta sa ɗanta ya kai mu a mota ɗakin Zulai, inda aka kai gawar.

Na sa Zulai ta ɗora tukunya. Indo ta ce, "Gwaggo, ana sauri." Na ce ko za a kwana sai ruwan nan ya yi ɗumi. Na jiƙa magarya, na naɗe tsumma a hannuna, na yi bisimilla, na yaye zanen.

Zazzaɓi ba ya ɗaure mutum. A wuyan hannunta na dama da na hagu akwai shatin igiya, fata ta saɓule. Yatsu biyu na hannun dama sun karye sun warke a karkace. Da muka juya ta, na ga bayanta layi-layi kamar an yi huɗa, sabo a kan tsoho. A kafaɗar hagu akwai hoton dutsen guga, da tsininsa da ramukansa, ka ce an zana. Da na bi haƙarƙarinta da hannu, uku suka motsa. Indo ta saki moɗa ta durƙusa. Hajja Mabruka ta rufe fuska tana kuka tana nuna sama da sanda. Ta san gidan, layinsu ɗaya da na 'yarta. Na gode mata likkafani har gobe, amma ba ta buɗe baki ta kira sunan kowa ba.

Na gama wankan kamar yadda aka koya mini, dama kafin hagu, sau uku, na ƙarshe da kafur. Na tsefe mata kai na yi mata kitson kalaba uku. Da na fito, Sale ya tare ni.

"Sannu Gwaggo. Allah ya ba da lada. Ke dai ba sai an tuna miki ƙa'idar aikinki ba."

Na dube shi har ya kau da kai. Sai a lokacin dariyar Hajiya Gambo ta dawo mini a kunne. Ba don gaskiyata aka zaɓe ni ba. An zaɓe ni ne don in ja mata su biyo ni, in wata ta mutu in wanke, in rufe bakina.

Aka binne ta bayan gari, inda ake binne baƙi, ba alama. Na ƙirga taku daga wata busasshiyar bishiya, arba'in da biyu, na riƙe a kaina.

Daga ranar na ce ba na ƙara aikin kowa. Sale bai yi gardama ba, shi da ke kulle 'yan mata in sun ce za su gida. Ya sa ni a motar dabino mai zuwa Agadas, har da guzuri. Ya ce, "Hajiya ta ce ke kaɗai ce ba a tsoron bakinki." Indo ta riƙe mini mayafi a bakin mota ta ce, "Gwaggo, kada ki manta da mu a nan." Duk tsawon hamada ina zaune kan buhu da ƙwarya a cinya, ina bitar jikin Barira daga hannun dama zuwa haƙarƙari, kamar mai tilawa, don kada in manta ko ɗaya.

Da na sauka tashar Dutsin-Ma, fuskar da na fara gani ta Barira ce. An manna ta a bango, babba, tana murmushi da atamfa a hannu, Hajiya Gambo ta dafa kafaɗarta, kafaɗar hagu. Na tambayi wani mai shayi abin da aka rubuta. Ya ce wai uwar marasa gata, wadda ta sama wa mata aiki a ƙasar waje, a zaɓe ta kansila.

Ban kai ga kango ba motar Hajiya ta tare ni. Aka kai ni falonta, aka kawo lemo mai sanyi. Ban taɓa ba.

"Gwaggo, sannu da hanya. Na ji abin da ya faru, wallahi kwana na yi ina kuka. Amma Hansai ba ta sani ba. Mun ce mata Barira ta wuce Tarabulus, gidan da babu waya. Kin san tana da hawan jini. A bari a gama zaɓe."

"Sannan?"

"Sannan a ce zazzaɓi. Ai shi ne ma. Jibi wasu takwas za su tashi, har da Lantana ƙanwarta, tana ta murna za ta wurin yayarta. Gobe da rana ki zo a yi hoto, iyaye su gan ki kin dawo lafiya."

Na ce na ji. Na ɗauki ƙullina.

Daga nan gidan Malam Ilu na nufa, limamin unguwar. Na tsuguna a zaure na ce, "Allah gafarta Malam, mai wanka in ta ga abu a jikin mamaci, mi ya sa aka ce ta rufe?"

Ya ce don a suturta mamaci, kada a tona aibinsa bayan ba ya iya kare kansa.

"To in aibin ba nasa ba ne fa? In na wanda ya yi masa ne, kuma yana raye, yana shirin yi wa wasu?"

Malam ya ajiye carbinsa. Ya ce wannan ba sutura ba ce, ɓoye shaida ne, kuma mai ɓoye shaida yana da nasa kason. Sannan ya leƙa waje ya rage murya. "Amma Marka, kada ki ce daga nan kika ji. Kin san wanda ya yi mana rufin masallaci."

Na ce, "Na sani, Malam. Allah ya sa kada ya yi yoyo."

Bayan la'asar na shiga kango. Hansai tana tankaɗe. Ta gan ni ta tashi da guɗa, ta leƙa bayana, ta ga ba kowa. Na zaunar da ita na ce, "Hansai, amanarki ta koma ga mai ita. Wata biyu ke nan." Ba ta yi ihu ba. Lantana ce ta faɗi tana birgima. Hansai ta ajiye rariyar da ke hannunta ta dube ni.

"Ke kika wanke ta?"

"Ni."

"Da ruwan ɗumi?"

"Da ruwan ɗumi."

Sai ta fashe da kuka. Da ta lafa ta kama hannuna ta ce, "Mi kika gani? Na san ba ki faɗa. Amma ni na haife ta."

Na faɗa mata duka, har da haƙurin da na ba ɗiyarta. Karo na farko ke nan a rayuwata, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na ce, "Jikin ɗiyarki ne. In kin ce in rufe, daga nan ba ya wuce ɗakin nan."

Ta share fuska da gefen zane. "Da aka manna ta a bango an tambaye ni? Faɗa, Marka. Kada ki bar ko yatsa ɗaya."

Washegari da na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauki ƙwaryata da moɗa da sauran magarya, na tafi ƙofar gidan Hajiya Gambo. Na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin hoton Barira, na ajiye kayan a gabana inda kowa zai gani, na zauna.

Mai koko ce ta fara tsayawa. Ta ga ƙwaryar, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Gwaggo, Hajiya ce?"

"Tukuna dai," na ce. Na nuna hoton. "Wannan ce. Ajiye bokitinki ki ji."

Kafin rana ta ɗaga layin ya cika. Masu dawowa daga masallaci, 'yan acaɓa masu zuwa Karofi, matan kango gaba ɗaya. Duk wanda ya zo da tambaya ɗaya yake zuwa, ni kuma da amsa ɗaya nake ba shi, igiya, yatsu, dutsen guga, haƙarƙari, da sunayen goman da suka rage a can, Indo a gaba. Lantana ta ratso mutane da atamfar da aka ba ta ta tafiya, ta jefa a bakin ƙofar. Wasu mata uku suka fara dukan ƙyaure suna cewa a fito musu da katin 'ya'yansu.

Hajiya ta fito ba ɗankwali. Ta dubi jama'a, ta dube ni.

"Marka, kin ci amanar gawa. Ba ki ji tsoron Allah ba?"

"Shi na ji, shi ya sa na zo. Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, ban bar sana'ata ba. Ranar da aka kira ni kanki zan zo. Zan wanke ki tsaf, dama kafin hagu, kuma abin da na gani a jikinki ba mai ji. Amma ruwan randa zan zuba miki. Ba zan hura wuta saboda ke ba."

Ta koma ciki aka ja sakata. Wata mata da ban sani ba ta iso da goyo, ta ga ƙwaryar, ta yi salati ta ce wa ya rasu. Na gyara mata gefen buhu na ce ta zauna, na fara mata daga hannun dama.